Filashin Bayan La'asar

A lungun nan na Maamobi, cikin Accra, wanda ya gangara ya tsaya a bakin babbar gota, wato kwatar unguwa, ba a kiran Sulley haka kawai sai an ɗora masa Injiniya a gaba. Ba wata makarantar injiniyoyi da ya shiga, aikin lantarki ya koya a hannun wani maigida a Kokomlemle, amma yana son sunan, in an kira shi da shi har tafiyarsa canzawa take yi. To, ranar Larabar nan dai Injiniya Sulley yana tsugune a ɗakin injin ruwan masallacin lungun, waya a hannu, gumi na bin bayansa, ga shi ya gano abin da ya fi son a ce bai gano ba. In ya yi shiru, gobe bayan la'asar za a karɓe makullin famfo daga hannun Azara, matar da ta shekara goma sha ɗaya tana sayar da ruwan masallacin, a kan laifin da ba nata ba. In kuwa ya buɗe baki, duk lungun zai san irin ɗan da yake a wurin uwarsa.

Bari in koma baya kaɗan, don a san yadda aka zo nan.

Masallacin yana da rijiyar bohol, da baƙin tanki a kan ƙarfe a bayan sashen mata. Ɗakin injin yana can ƙasa, sai an sauka matakala goma sha biyu masu santsi, ita kuwa Azara gwiwoyinta sun fara gajiya. Sulley ne ya kawo shawarar wani ɗan akwati da ake sa wa sim kamar waya. In kana son ruwa, sai ka yi wa lambar akwatin filashin, wato ka kira, ya yi ƙara sau ɗaya, ka katse. Nan take inji ya tashi, ya yi rabin awa yana tura ruwa, ya tsaya da kansa. Shi ma akwatin sai ya mayar maka da filashin, alamar ya ji. Alhaji Dramani, shugaban kwamitin masallaci, tsohon ɗan sanda mai son a yi abu a kan tsari, ya ji bayanin ya ce a yi.

Wurin Jalilu Sulley ya je neman layi, abokinsa da ke da rumfar waya a kwanar Kawukudi. Jalilu ya saurare shi yana goge gilashin wata waya da gefen rigarsa.

"Cale, abokina, abu uku zan faɗa maka," in ji shi. "Ka sa sabon layi wanda ba mahalukin da ya san lambarsa. Ka saita masa APN daidai, ƙofar da yake bi ya shiga intanet ke nan, in kana son ka riƙa ganin lafiyar injin daga gida. Na uku, ka kulle shi. Lambobin da ka rubuta masa kawai zai saurara, in ba haka ba duk wanda ya ɓata lamba ya faɗo kansa sai ya kunna muku inji."

"Ni kake koya wa?" Sulley ya ce yana dariya.

Ya sayi sabon layi, ya sauka ɗakin inji ya sa, sabis ko sanda ɗaya babu. Wurin kwari ne, ga bangon bulo, ga kwano a sama. Ya ari layin wani kamfani ya gwada, sanda ɗaya ta leƙo ta koma. Sai ya duba wayarsa mai sim biyu, ya ga tsohon layinsa ya cika sanda huɗu ras. Kamfanin nan ne kaɗai yake kamawa a ramin. Samun sabon layinsu kuwa sai an je ofis da katin ɗan ƙasa, a bi dogon layi a dangwala yatsa, ga shi Alhamis ce da yamma, kuma an riga an yi shelar za a buɗe aikin gobe bayan Juma'a. Sulley ya zare tsohon sim ɗinsa ya cusa wa akwatin, ya ce a ransa ai duk masu ba shi aiki ɗaya layin suke kira.

Gaskiya ne, masu ba shi aiki ɗaya layin suke kira. Amma akwai mutum ɗaya da ba ta san wata lamba ba sai waccan: uwarsa, Mma Zenabu, da ke Salaga, can arewa. Ba ta karatu. Wata ƙaramar waya take da ita da aka saita mata, in ta danne lamba biyu ta riƙe, sai kiran ya tafi wurin Sulley. Tun shekarar da ya sauka Accra suka yi alkawari, kullum in ta sallame la'asar za ta yi masa filashin, ma'ana tana nan lafiya, shi kuma ya mayar. Ran Juma'a ya kira su yi hira.

Shekaru aka yi a haka. Sai matarsa ta haifi mace, ya sa mata sunan uwarsa, suna kiranta Ƙaramar Mma. Daga nan duk hirar Juma'a a tambaya ɗaya take ƙarewa: "Yaushe zan ga takwarata?" Ya ce Ƙaramar Sallah. Ya ce Babbar Sallah. Ya ce in yarinya ta yi ƙwari. Yarinya ta yi ƙwari har ta shiga makarantar allo da ta boko, Sallah goma sha biyu ta wuce, Sulley bai hau motar Salaga ba. Ba wani babban dalili, yau aiki, gobe nisa, jibi kuma kunyar jiya. Da uzuri ya ƙare masa sai ya daina kiran Juma'a. Filashin ɗin ma ya koma mayarwa bayan magariba, wani lokaci washegari, wani lokaci ya ga kiran ya kife wayar a kan tebur. Saboda haka ranar da ya cusa layin nan a akwati yana cewa gobe zai aika wa Mma sabuwar lamba, kada ku yarda da shi. Can ƙasan ransa sauƙi ya ji, kuma ya san ya ji.

Ranar buɗewa kuwa Injiniya ya sha kallo. Ya sa farar riga, ya tsaya a gaban jama'a ya buɗe akwatin ga kowa, yana cewa, "Kowa ya gwada! Malam, gwada da taka!" Tsofaffi suna filashin, inji na tashi, wayoyinsu na yin ƙara, ana salati ana dariya. Da aka watse ya tura wa akwatin saƙon kullewa da lambobi uku, tasa da ta Alhaji da ta Azara. Ana cikin sa masa albarka ya tura, bai tsaya duba amsa ba. Ashe ya manta alamar nan mai kama da tsani da ake rufe saƙon da ita, akwatin bai karɓa ba, ƙofa ta zauna a buɗe.

Wata uku ba wanda ya lura da komai. Lokacin zafi ne, ruwa na ƙarewa kafin azahar, in inji ya tashi da yamma Azara ta ɗauka Alhaji ne, Alhaji ya ɗauka Azara ce, mata kuwa suna ta kawo jarkoki suna yabon Injiniya. Sai damina ta sauka. Kowa ya tara bokiti a bakin kwanonsa, ciniki ya ja baya, tanki ya riƙa wuni a cike. Ranar wata Asabar, an sallame la'asar ke nan, inji ya tashi, tanki ya tumbatsa, ruwa ya bi gindin bango ya shige sashen mata ya jiƙa sabuwar darduma daga wannan kusurwa zuwa waccan. Lahadi haka. Litinin haka. Darduma ta fara wari, mata suka koma salla a kan tabarmin roba a waje.

Alhaji Dramani ya kira Sulley. Sulley ya shafa gemu, ya ce, "Matsalar APN ce, Alhaji."

"Afiyen? Shi kuma mutum ne ko aljan?"

"Saitin netwok ne. Yanzu zan gyara."

Ya sauka ɗakin inji ya yi 'yan danne-danne, ya fito yana karkaɗe hannu. Washegari ruwa ya sake malala. Wannan karon Alhaji bai zo da wasa ba, ya riga ya aika an tambayo Jalilu, Jalilu ya ce APN ba ya da yatsan da zai yi filashin, wani ne yake kira. A gaban mutane Alhaji ya tsare Sulley da ido: su wa akwatin yake saurara? Sulley ya ji sunansa na Injiniya yana rawa, sai ya ɗaga murya ya ce lambobi uku ne rak, shi ya kulle da hannunsa, ko shugaban kamfanin waya ba zai iya kunna injin nan ba. Tasa, da ta Alhaji, da ta Azara. Ai kuwa duk ido ya koma kan Azara, tunda maza biyun suna cikin sahu a lokacin.

Azara ta rantse. Ta ce wayarta a ƙulle take a bakin zane, ta ce har batir take cirewa in an kira salla. Wasu suka ce mantuwar tsufa ce, wasu suka ce taurin kai ne don an rage mata iko, wata ma cewa ta yi da gangan take yi don a cire akwatin. Alhaji ya yanke cewa ranar Alhamis bayan la'asar kwamiti zai zauna, in ba a ga wani dalili ba, a karɓi makulli a ba wata.

Shi ya sa ranar Laraba Sulley ya sauka ɗakin inji shi kaɗai, ya tura wa akwatin saƙon da ke sa shi ya lissafo waɗanda suka kira shi. Yana jiran ya ga lambar Azara. Amsa ta shigo, ya duba. Lamba ɗaya ce ta jeru tun daga sama har ƙasa, mai ƙarewa da huɗu, ɗaya, bakwai, lambar da ko a barci aka tashe shi zai karanta. Huɗu da minti biyar. Huɗu da minti goma. Huɗu da minti bakwai. Ba ranar da ta tsallake. A ƙarƙashin kowanne kuma akwatin ya rubuta cewa ya mayar.

Wata huɗu ke nan inji yana amsa gaisuwar uwarsa.

Ya zauna daɓas a kan siminti mai laima. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda ke sa mutum ya kasa kallon hannunsa. Ga saƙon kullewa a wayarsa, abin da ya rage ya ƙara alamar tsanin nan ya tura, shi ke nan, ruwa ya daina zuba. Amma in ruwa ya daina zuba a makon da aka kori Azara, ai an tabbatar mata da laifi har ta mutu. Kuma in ya kulle, yau ɗin nan Mma za ta danna biyu ta riƙe wayar tana jira, shiru. Yana cikin wannan saƙa da warwara aka kira la'asar a samansa. Bai iya tashi ya shiga sahu ba, a nan ya zauna har aka sallame. Can sai ɗan koren fitilar akwatin ya ƙifta, wani abu ya yi ƙas a ciki, inji ya ɗauka. Kafin ya ƙirga biyar fitilar ta sake ƙiftawa, akwatin ya mayar da kira Salaga. Sulley ya miƙa hannu ya kashe injin daga babban makunni, ya bar akwatin a kunne.

Da ya hau matakala ya tarar da Azara a kan bencinta a bakin famfo, ta ajiye wayarta a kan wani juyayyen bokiti, batir a gefe, inda duk mai wucewa zai gani.

"Injiniya, ka ji ya tashi ko?" ta ce. "Ga ta nan a buɗe kamar kifin da aka feɗe. Ka ga wani abu a ciki?"

"Ina kan dubawa, Mma Azara."

"Duba da kyau, ɗana. Ni ba makullin ne ya fi damuna ba, ko da yake da shi nake ci. A ce na tsaya a ƙofar masallaci na rantse a kan ƙarya, shi ne ba na iya haɗiyewa. Jikokina a nan suke karatu." Ta ɗebo ruwa a kofi ta miƙa masa. "Sha, ka yi gumi. Ai kai ma sun wahalar da kai."

Ya karɓa ya sha, don ba yadda zai yi. Da ya koma gida Ƙaramar Mma ta rugo ta rungume ƙafarsa tana nuna masa haƙorinta da ke girgiɗi. Matarsa ta ajiye masa tuwo, ya yi loma biyu ya ce kansa ke ciwo.

Alhamis bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a barandar masallaci. Dattawa shida, da Alhaji Dramani a kan kujerar roba da sandarsa a tsakanin gwiwoyi, Azara a gefe ta lulluɓe da mayafi, makulli a tafin hannunta. Mata sun tsaya daga nesa kamar masu jiran ruwa, alhali ba wadda ta zo da jarka. Sulley ya riga ya shirya abin da zai faɗa, ya auna shi ya rage shi daidai yadda zai fitar da Azara ba tare da ya tuɓe kansa ba.

"Na duba," ya ce, idonsa a kan tabarma. "Mma Azara ba ta da laifi. Kuskurena ne. Ranar da na ce na kulle akwatin, ashe bai kullu ba. Wata lamba ce daga waje take kira."

Aka yi salati. Wani dattijo ya ce, "Kai da ka ce ko shugaban kamfani ba zai iya ba?" Aka ɗan yi dariya, Sulley ya haɗiye, ya ce a ransa in iyakarta ke nan ya tsira da sauƙi.

Amma an ce muku Alhaji tsohon ɗan sanda ne. Ya zaro wayarsa daga aljihun gaba, ya gyara tabarau.

"Kullum, a lokaci ɗaya, lamba ɗaya? Wannan ba ɓatan kai ba ne, da niyya ake yi. Karanto mini ita. Yanzu zan kira shi kowa ya ji, in tambaye shi abin da masallaci ya yi masa."

Sulley ya fara karantowa, don bakinsa ya riga hankalinsa. Alhaji yana dannawa ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Da aka zo huɗu, ɗaya, bakwai, sai ya hango abin da zai biyo baya: tsohuwa a kan buzunta a Salaga, ta ga baƙuwar lamba ta ɗauka da murna, muryar ɗan sanda ta sauka a kanta tana kiranta maɓarnaciya.

"Alhaji, kar ka kira. Don Allah."

"Saboda me?"

"Uwata ce."

Sulley ya ci gaba, tunda ya riga ya fara. Ya faɗi yadda ya sa tsohon layinsa, bayan Jalilu ya hana shi. Ya faɗi alkawarin filashin, da yadda bai taɓa aika mata sabuwar lamba ba, da takwararta da ba ta taɓa gani ba. Yana magana muryarsa tana ƙanƙancewa, har sai da na bayan suka matso.

"Tsaya in gane," in ji dattijon da ya yi masa ba'a ɗazu, amma yanzu ba dariya a fuskarsa. "Wata huɗu ba ka ji muryar uwarka ba?"

"Ya fi haka, Baba."

"Kuma injin ruwanmu ne yake gaishe ta a madadinka?"

Da ƙasa za ta tsage a lokacin da Sulley ya gode mata. Wata daga cikin matan ta ce "Innalillahi" a hankali, wannan kuwa ya fi masa zagi ciwo.

Alhaji Dramani ya cire tabarau ya ninke. Ya juya wajen Azara, ya ce, "Azara, mun zalunce ki, ni ne kan gaba. Ki yafe mana. Makulli naki ne." Sa'an nan ya dubi Sulley ya girgiza kai. Bai ce masa Injiniya ba.

Azara ce ta tashi, da ƙyar, tana dafa gwiwa. Kowa ya zaci za ta sauke masa abin da ya kwana biyu yana cinta, kuma da ta yi ba mai ganin laifinta. Sai ta kwance bakin zane ta fito da 'yar wayarta, ta mayar da batir, ta jira ta kunnu, ta miƙa masa.

"Ungo. Akwai kuɗi a ciki. Ba filashin na ce ba, kira."

"Mma Azara, in na je gida zan..."

"A nan. Goben nan taka mun ji inda ta kai ka."

Ya karɓa. Irin wayoyin nan ne masu ƙaton lasifika, ko ba ka so sai na kusa da kai ya ji. Ta yi ƙara sau biyu aka ɗauka, ga kukan awaki daga can, ga wata murya siririya da ta tsufa fiye da yadda ya bar ta.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Mma, ni ne."

Ya ƙara manna wayar a kunne.

"Sulemana?"

"Na'am, Mma."

"Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Lafiya kake? Iyali fa? Takwarata?"

"Duk lafiya. Mma, akwai abin da zan faɗa miki. Filashin ɗin nan da ake mayar miki kullum, tun wata huɗu, ba ni ba ne."

"Ai na sani."

Sulley ya ɗago kai karo na farko tun da aka zauna.

"Tun satin farko na gane," in ji ta, ba faɗa a muryarta, kamar mai ba da labarin kasuwa. "Kai da tun kana yaro sai an kira ka sau uku kake waiwayowa? Wannan kuwa kafin in ajiye waya a kan buzu ya amsa. Na ce to, ko an sace wayar, ko ka sayar. Amma ban daina ba. Na ce ko wane ne, a garinku yake, kuma ɗan kirki ne tunda bai gaji da ni ba. Wataƙila wata rana ku haɗu ya ce maka tsohuwar nan tana nan da rai. Wane ne shi? Faɗa mini sunansa, kullum ina sa shi a addu'a ba suna."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Azara ta ja mayafi ta rufe baki.

"Injin ruwa ne, Mma," Sulley ya ce, hawaye na sauka a gemunsa. "Na masallacin unguwarmu. A ciki na sa layin. In kin kira sai ya tura ruwa."

"Ikon Allah! Ruwan masallaci?" Har 'yar dariya ta yi. "To ai ban yi asara ba, an yi alwala da shi. Yanzu gobe in na sallame, wa zan kira?"

"Ki danna biyu kamar kullum. Yanzu zan cire layin in mayar a wayata. Ni zan mayar miki, Mma, da hannuna."

"To, madalla," in ji Mma Zenabu. "In ka makara kar ka damu. Da haka zan gane kai ne."

Layin ya yanke. Sulley ya miƙa wa Azara wayarta da hannu biyu, ya juya ya nufi matakalar ɗakin inji, mata suka dare suka ba shi hanya.